Ekstazi, tramol da zafin Afrilu: nazarin abin da ya sami wani saurayi a Yamai

Ƙarfe uku da 'yan mintoci na dare suka shigo da shi, samari uku suna tallabe da na huɗu. Daren Asabar ne cikin watan Afrilu, ni ne ma'aikacin jinya, majo kamar yadda ake kiran mu, da ke kwanan aiki a ɗakin gaggawa na wani ƙaramin asibiti a nan Yamai. Sunan asibitin da na yaron duk zan bar su, don da wannan sharaɗi ne shi da mahaifiyarsa suka yarda in ba da labarin. Shekarunsa 23, ɗalibi ne, da rana kuma yana kai saƙonni a kan babur don ya sami na kashewa.

Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Muƙamuƙinsa a ɗaure, haƙora na gugar juna har ana ji, baƙin idonsa ya buɗe kamar na kyanwa cikin duhu, ƙafafu na rawa. Yana magana, amma ba mai gane abin da yake cewa. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 40.8, bugun zuciya ya haura 150 a minti. Da na tambayi abokansa abin da ya same shi, babbansu ya yi caraf ya ce, "Majo, masassara ce, tun jiya yake fama." Sauran biyun suka sunkuyar da kai.

Duk wanda ya yi aikin jinya a ƙasar nan ya san inda hankali ke zuwa in aka kawo mai zafin jiki da ruɗewa: zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau, tunda Afrilu lokacinsa ne. Can muka nufa. Gwajin ɗan yatsa bai nuna zazzaɓin sauro ba, wuyansa kuma yana lanƙwasuwa. Muka sa masa maganin sauke zafi ta jijiya, zafin ko gezau. Minti ashirin da biyar muka ɓata a kan hanyar da ba ita ba, kuma har yau mintocin nan suna ci mini rai, don na ga idon, na ga muƙamuƙin, amma ban haɗa su ba. Likitar da aka taso ce ta kama tafin ƙafarsa ta tanƙwara shi sama da sauri. Ƙafar ta shiga bugawa da kanta, ta ƙi tsayawa. Ta dube ni ta ce, "Wannan ba sauro ba ne, wani abu ya sha. Je ka samo mini gaskiya."

Na ja ƙaraminsu waje, gefen famfo.

"Ƙanena, dube ni. Ni ba ɗan sanda ba ne, ba kuma babanku ba ne. Abin da ka faɗa mini, daga ni sai likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ba mu san abin da ya sha ba, abokinka ba zai ga asuba ba."

Ya fashe da kuka, sannan ya faɗi komai daki-daki. Da safe yaron ya sha tramol kamar kullum kafin ya hau babur, ya ƙara ɗaya da la'asar. Da dare suka je bikin ranar haihuwar wani aboki a wani gida. Wajen ƙarfe sha ɗaya aka ba shi ƙwayar ekstazi, karo na uku ko na huɗu ke nan a rayuwarsa. Minti arba'in bai ji komai ba, ya ce ta jabu ce, ya haɗiye ta biyu. Sha biyu da rabi wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, amma lasifikar mai batir ce, sai aka ci gaba da rawa a falo, taga a rufe don kada maƙwabta su ji. Ƙarfe ɗaya ya ce kansa zai tsage. Suka ɗura masa ruwan leda ɗaya bayan ɗaya, suka ba shi madara don an ce tana karya guba, suka ƙara da farasitamol. Ƙarfe biyu ya faɗi yana farfaɗiya. Daga nan suka kwashe awa guda cur suna gardama: a kai shi asibiti asiri ya tonu, ko a jira ya farfaɗo.

Ekstazi sunan kasuwa ne. Sinadarin da ake nufi shi ne MDMA. Kamfanin Merck na Jamus ne ya fara haɗa shi a 1912, ya ajiye shi bai mai da shi magani ba. A shekarun 1970 wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Alexander Shulgin, ya sake tono shi, daga nan ya bazu har wuraren rawa. Amurka ta haramta shi a 1985, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a jerin mafi tsanani a 1986, a nan Nijar kuma yana ƙarƙashin dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999. Ba ita ce ƙwayar titi ba a wurinmu. Ta titi tramol ce, da wiwi, da diyazefam, da sholisho. Ekstazi ta rufaffun gidaje ce, ta 'ya'yan masu hali da abokan tafiyarsu, shi ya sa mu ma'aikatan lafiya ba ta cika faɗo mana a rai ba. Amma binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi, ya ƙiyasta masu shan ta sun kai kimanin 340,000. Abin da ya sami kasuwa a can, iyaka ba ta tare shi.

Aikinta a ƙwaƙwalwa kusan duk a kan sinadari guda yake, serotonin, wanda ke da hannu a walwala, barci, cin abinci da daidaita zafin jiki. A ka'ida jijiyoyi na sakin sa kaɗan-kaɗan, su kuma kwashe ragowar su mayar ma'aji. MDMA kan shiga ta ƙofar da ake mayar da shi, ta juya ta, sai serotonin ya yi ta kwarara waje. Tana kuma tunkuɗo dopamin da noradirenalin, masu sa zuciya gudu. Daɗin da mai sha ke ji, da son mutane, da jin kowa ɗan'uwansa ne, daga nan suke. Kamar magidanci ne ya buɗe rumbun shekara ya rabar a dare guda: daren ana shagali, sai dai rumbu ya zama wayam, ga shi kuma ƙwayar na dakushe sinadarin da ke ƙera sabon serotonin ɗin. Takan fara aiki bayan minti 30 zuwa 60, ta kai ƙololuwa wajen awa biyu, ta lafa bayan awa uku zuwa shida, amma ragowarta na yawo cikin jini har washegari.

Ƙwaya ta biyu ita ce kuskuren da na fi son a fahimta. Hanta na narkar da MDMA ta wata ƙofa da masana ke kira CYP2D6, kuma ita MDMA ɗin da kanta tana toshe wannan ƙofa tun daga shan farko. Saboda haka ta biyu kan tarar da hanya a rufe, yawanta cikin jini ya haura fiye da ninki biyu. Sannan ba mai sanin nauyin abin da ke cikin ƙwaya da ido. A Turai, inda ake auna su a ɗakin gwaji, an sha samun guda ɗaya mai fiye da miligiram 200, wasu har 300, alhali a binciken likitoci 80 zuwa 125 ake ba mutum, yana kwance a ɗaki mai sanyi, ana auna jininsa da zafinsa. Wata ƙwayar ma ba MDMA ce a ciki ba. Akwai PMMA, mai jinkirin tashi kuma mafi guba; a Ingila, ƙarshen 2014 da farkon 2015, ƙwayoyi masu tambarin Superman da ke ɗauke da ita sun kashe mutane. Jinkirin ne tarkon, don mai sha kan zaci ba ta da ƙarfi ya ƙara. Ƙasar Holan tun 1992 take da tsarin da mutum zai kai ƙwaya a gwada masa abin da ke ciki. Yaronmu kuwa launi da tambari kawai ya gani.

Sai tramol, wanda shi ne ya sa lamarinmu ya sha bamban da na Turai. Mutane na ɗaukar sa maganin gajiya ne kawai, har yaron da abokansa ba su lissafa shi cikin abin da ya sha ba sai da na tambaya kai tsaye. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum, amma na kan titi akwai mai 200, mai 225, mai 250 a ƙwaya guda. Tramol shi ma yana hana a mayar da serotonin ma'aji. Shi kaɗai ma yana jawo farfaɗiya in ya yi yawa. Ga shi kuma ta ƙofar nan ta CYP2D6 yake bi a hanta, don haka in MDMA ta toshe ta sai ya taru a jini cikin siffarsa da ta fi tada jijiyoyi. Haɗuwar biyun ce ta haifar da abin da likitar ta gano a tafin ƙafa, wato gubar yawan serotonin: zafi, gumi, ruɗewa, ƙagewar tsoka, da wannan bugawar ƙafa da ba ta tsayawa. Irin wannan haɗari yana nan ga masu shan wasu magungunan ciwon damuwa, da masu shan ritonabir cikin magungunan sida, wanda likitoci suka ba da rahoton mutuwa a kan haɗa shi da ekstazi.

Zafi shi ne babban makashi. MDMA na ƙara wutar da jiki ke samarwa, tana kuma tsuke jijiyoyin jini na fata, hanyar da zafi ke fita. A sa rawa a kai, a sa falo mai cunkoso, a sa Afrilun Yamai, inda rana ke wuce digiri 40 kuma bango ke riƙe zafinta har tsakar dare. Shawarwarin da ake rubutawa a Landan ko Amsterdam kan ce mutum ya fita waje ya sha iska, don a can waje sanyi gare shi. Mu a watannin Afrilu da Mayu wajen ma murhu ne. In zafin cikin jiki ya wuce 40, tsoka na fara narkewa, dattinta ya toshe ƙoda, hanta ta taɓu, jini ya rikice wajen daskarewa, ƙwaƙwalwa kuma ba ta jure hakan na dogon lokaci. Farasitamol ba ya taɓa irin wannan zafi, domin ba daga cuta ya fito ba, tsoka ce ke hura shi. Mu ma mun ba shi, kamar yadda abokansa suka ba shi, kafin mu gane.

Ruwan da suka ɗura masa kuwa da niyyar alheri ne, amma ya kusa zama masifa ta biyu. MDMA na sa jiki ya saki sinadarin da ke hana ƙoda fitar da ruwa. In aka yi ta sha, ruwan ba ya fita, gishirin jini ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura cikin ƙoƙon kai da ba ya buɗewa. A lafiyayyen mutum sodiyom, wato gishirin jinin, na tsakanin 135 da 145. Nasa 129 muka samu. A Ingila, a watan Nuwamban 1995, wata yarinya mai shekara 18, Leah Betts, ta sha ƙwaya ɗaya a bikin ranar haihuwarta, ta bi ta da ruwa kusan lita bakwai cikin awa ɗaya da rabi, kumburin ƙwaƙwalwa ya yi ajalinta. Mata matasa sun fi faɗawa wannan. Ma'aunin da masu aikin rage illa ke bayarwa shi ne kimanin rabin lita a awa ga mai rawa, wato ledar ruwa guda, a kurɓa a hankali, rabin haka ga wanda ke zaune. Wanda ya fita hayyacinsa kuwa ba a ba shi komai ta baki, ko ruwa ko madara, don huhu zai tafi.

Da gaskiya ta fito, aikin bai da wuyar ganewa. Likita ta yi masa allurar diyazefam ta jijiya don tsoka ta saki, farfaɗiya kuma kada ta dawo. Muka tuɓe shi, muka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane, muka juya masa fanka. Na aiki abokan biyu su buga ƙofar masu sayar da ƙanƙara a unguwa, muka jera ta a wuya, hammata da matsematsi. Ƙarin ruwa aka sa masa da lissafi saboda gishirin jininsa. Cikin minti arba'in zafi ya sauko ƙasa da 39. Fitsarinsa ya fito kamar shayin farko na fada, alamar tsoka ta narke, don haka da asuba muka tura shi babban asibiti. Kwana biyar ya yi, ƙodarsa ta farfaɗo ba tare da an kai ga wankin ƙoda ba.

Iyalinsa sun ɗauka magana ta ƙare ranar sallama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Mako biyu bayan haka mahaifiyarsa ta zo ta same ni, ta ce, "Ɗana, yaron nan ba shi ba ne. Ba ya barci, ba ya cin abinci, yana zaune sai hawaye. Ko dai an yi masa wani abu ne?" Ta riga ta karɓo rubutu wurin malam. Ban hana ta ba. Na ce, "Inna, a ci gaba da addu'a, amma ki kawo mini shi gobe."

Abubuwa biyu ne suka haɗu a kansa. Na farko, faɗuwar rai da ke biyo bayan ekstazi, wadda kan fi tsanani kwana biyu zuwa huɗu bayan sha, lokacin da rumbun serotonin ke wayam. Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi a nasa lamarin, ya yanke tramol farat ɗaya bayan fiye da shekara yana sha kullum. Ciwon gaɓoɓi, gumi, fargaba, rashin barci, jin kamar lantarki na ratsa kai, duk na janyewar tramol ne. Da mun ɗora komai a kan ekstazi da mun yi masa maganin rabin ciwo. Na tambaye shi ƙarara ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Ya yi shiru, sannan ya gyaɗa kai. Tambayar nan ba ta sa wa mutum tunanin, sauke masa kaya take yi, kuma ina roƙon duk mai ɗan'uwa a irin wannan hali ya yi ta. Ranar muka haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya tsara masa yadda za a bi da janyewar da kuma ganawa duk mako.

A zama na uku ne ya yi tambayar da ta sa na rubuta wannan. Ya ce yana karanta shafi, kafin ya kai ƙasa ya manta sama. "Majo, faɗa mini tsakani da Allah. Kaina ya lalace ke nan?"

Ban so in tsorata shi da ƙarya, ban kuma so in lallashe shi da ƙarya. Ga abin da na shimfiɗa masa. A gwajin dabbobi, MDMA mai yawa na lalata ƙarshen jijiyoyin serotonin, wato ƙananan rassan da ke kai saƙo, ko da yake uwar jijiyar kan rayu. A wani bincike da aka wallafa a 1999, birai da aka ba su ita kwana huɗu a jere, bayan shekara bakwai rassan ba su koma yadda suke ba. Wani gwaji na jami'ar Chicago a 1998 ya fi shafar mu: ɓerayen da aka ba ƙwayar a ɗaki mai digiri 20 zuwa 24 ba a ga ɓarnar ba, amma a 26 zuwa 30 ta bayyana. Zafin wuri kaɗai ya raba su. Sai dai dabbobin nan ana ba su adadi mai yawa ne, kuma fagen binciken ya taɓa yin tuntuɓe: a 2002 mujallar Science ta buga cewa shan dare ɗaya na lalata jijiyoyin dopamin a birai, a 2003 aka janye rahoton don an gano wani sinadari daban, metamfetamin, aka ba su bisa kuskure. Samari masu bin intanet sun san wannan labari, kuma duk ranar da muka zuzuta musu abu fiye da gaskiyarsa, sun daina sauraren mu ke nan.

A mutane, hotunan ƙwaƙwalwa na masu sha da yawa sun nuna raguwar ƙofofin serotonin, kuma raguwar na bin yawan abin da mutum ya sha a rayuwarsa. A waɗanda suka daina na tsawon watanni, ana ganin ƙofofin suna dawowa. Gwajin tunani ya fi nuna rauni wajen riƙe kalmomi da abin da aka karanta ko aka ji, kuma a wasu masu tsohon sha raunin kan daɗe ko bayan sun bari. Na ce masa shi sau huɗu ya sha, ba ya cikin masu ɗaruruwa. Abin da ya fi yi wa ƙwaƙwalwarsa barazana shi ne awa biyun da ya yi cikin zafi, da farfaɗiyar, da ruwan. Mantuwar da yake ji yanzu kuma rashin barci da damuwa da janyewar tramol duk suna da kaso a ciki, kuma waɗannan masu warkewa ne. Na ce ya ba kansa watanni, ya yi barci, ya ci abinci, kada ya sake ɗora wa jijiyoyin nan wani nauyi.

Ya ce ya gani a Facebook cewa yanzu likitoci na ba da ita a matsayin magani. Gaskiya ne Ostareliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da ita tun Yulin 2023 ga masu ciwon firgici bayan bala'i, amma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa a Agustan 2024, ta nemi ƙarin bincike. Ko inda aka yarda, sinadari ne tsantsa, an auna shi, an tantance zuciyar majinyaci, sau biyu ko uku kacal tare da makonni na ganawa. Ba abin da ya haɗa wannan da ƙwayar da aka miƙo a falo.

Na nemi abokan uku su zo, suka zo. Mahaifin yaron ma ya zo, ya zauna gefe yana jan carbi. Na fara da abin da na yi imani da shi: da mugun rawa gara ƙin tashi, babu adadin ekstazi da zan ce musu lafiya ne, kuma doka na nan. Amma na san a cikinsu akwai wanda zai sake samun kansa a irin wannan gida, ko yana sha ko yana kallo. Don haka na ce duk wanda tramol ke jikinsa, ko na safe ne, ekstazi na iya kashe shi. Haka mai ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya, ko mai shan maganin damuwa ko na sida. Wanda ya sha bai ji komai ba, kada a bari ya ƙara. A buɗe taga, a zaunar da shi ya huta, a jiƙa masa kai da wuya, a ƙirga ledar ruwan da ya sha. Giya na ƙara busar da jiki da rufe hankali. In aka ga jiki ya yi zafi rau, ko magana ta rikice, ko ciwon kai mai tsanani da amai, ko tsoka ta ƙage, ko farfaɗiya, to babu zaman shawara. A kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, a kira lambar gaggawa 15 ko 18, ko a sa shi a mota nan take, ana jiƙa shi a hanya. In an iso, a faɗi abin da ya sha, guda nawa, ƙarfe nawa, har da tramol ɗin safe. In akwai ragowar ƙwayar a zo da ita.

Da samarin suka fita, Alhaji ya ajiye carbinsa ya ce, "Malam, na gode da abin da kuka yi wa ɗana. Amma wannan da na ji yanzu, ba koya wa yara yadda ake shan ƙwaya ba ne?"

Tambayar mai nauyi ce, kuma abokan aikina da dama ra'ayinsu ke nan. Na ce, "Alhaji, shekara nawa ana faɗa musu haramun ne a masallaci, a makaranta, a rediyo? Sun ji, kuma a ci gaba da faɗa. Amma daren nan abin da ya kusa raba ka da ɗanka awa guda ce da suka yi suna tsoron ka da tsoron 'yan sanda, da ruwan da suka ɗura masa don ba wanda ya taɓa gaya musu illarsa. Wanda ya rayu ne ke tuba." Bai ce ya yarda ba. Ya daɗe shiru, sannan ya tambaye ni ko ya dace ya karɓe babur ɗin. Na ce babur ba shi ne ciwon ba, doguwar ranar aiki da ke sa shi neman tramol ita ce, a rage masa awoyi. Wannan kam ya karɓa.

Ni ma akwai abin da na canza. Yanzu duk matashin da aka kawo da zafi da ruɗewa, ina duba baƙin ido da muƙamuƙi, ina tanƙwara tafin ƙafa, ina kuma fitar da abokai waje ɗaya-ɗaya kafin iyaye su iso. Ba na tambayar "ya sha ƙwaya?", don amsar kullum a'a ce. Cewa nake, "Me ya sha yau tun safe, har da na gajiya?" Mun kuma roƙi a ajiye mana ƙanƙara a firjin ɗakin gaggawa duk lokacin zafi.

Wata huɗu bayan haka yaron ya koma karatu. Barci ya dawo, ya yi ƙiba kaɗan. Ya ce karatu na shiga, sai dai yakan maimaita abu sau biyu inda da sau ɗaya ya isa, kuma likitansa na bin wannan. Ekstazi bai sake kusantar ta ba. Tramol ne ya fi ba shi wuya: sau ɗaya ya koma, ya zo da kansa ya faɗa, aka sake ɗaura ɗamara.

Ƙaramin nan da ya yi kuka gefen famfo, na ba shi lambata tun ranar. Wani dare cikin watan Oktoba, wajen ƙarfe ɗaya, wayata ta yi ƙara. Muryarsa na rawa, amma maganarsa a jere take.

"Majo, muna cikin taksi, minti goma mu iso. Yarinya ce, jikinta ya yi zafi, tana ta amai. Ƙwaya ɗaya ta sha ƙarfe sha ɗaya, na tambayi ƙawarta, ba ta shan tramol. Mun kwantar da ita ta gefe."

"Ruwa fa, nawa ta sha?"

"Kafin in lura ta sha leda huɗu. Na karɓe sauran."

Na ce su ci gaba da jiƙa mata wuya, kada a ƙara mata ko kurɓi ɗaya. Na ajiye wayar, na taso likita, na ce a shirya gwajin sodiyom, sannan na buɗe firji na ciro ƙanƙarar.